Zabibin da Mama Ta Yaba

Zuwa ga ƙanina Auta,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya jikin Mama, ya ƙafar tata? Saƙonku ya iso, leda guda ta zabibi da takardar da ka cika da yabon matarka. To, na ci. Ba laifi.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne zancen ragar shanya. Wai Mama za ta bar wa matarka ita, tunda ita ce ta gaje ta wajen busar da inabi. Ragar da Baba ya buga da hannunsa? Ni na ƙare ƙuruciyata ina korar ƙudaje a kanta a bayan kicin, ina kwashe ta da gudu in hadari ya taso, lokacin gwanar taka ko rarrafe ba ta fara ba. Kishi nake yi, Auta, ba zan ɓoye maka ba. Ka ce wa Mama ta dakata. Na sayi inabi kwando guda, nawa yana tafe, ta ɗanɗana ta raba gardama.

Ka gaida kowa.
Yayarka

Zuwa ga Yaya,

Gaisuwa da fatan kina lafiya, ke da maigidan da keken ɗinkinki. Na karanta wa Mama takardarki, ta yi dariya har da tari. Ta ce a tambaye ki, korar ƙudaje kika yi ko cinye na gefen raga? Amma ta yarda, za ta jira.

Matata ta ce in gaya miki, bayan kin tsoma inabin a tafasasshen ruwa fatar ta tsage kin shanya, kada ki yi saurin rufewa. Ko ya yi baƙi ya yamutse, cikinsa kan riƙe danshi.

Ki huta lafiya.
Auta

Auta,

Ina gaisuwa. Ka ce wa matarka na gode da karatu, a gidan da ta koya aka haife ni.

Ga kwalbar zabibina nan a hannun direba. A kan rufin shago na shanya, kullum ina hawa tsani ina juyawa, ɗinkin mutane na jibge yana jirana. Rana ta yi mini rowa kwanan nan, ga direba zai tashi, amma ya yi baƙi ƙirin yana sheƙi, ya ma fi nata taushi. Na toshe murfin sosai. Ka rubuto mini abin da Mama ta ce, kada ka rage ko kalma ɗaya.

Sai na ji ka.
Yayarka

Zuwa ga Yaya,

Bayan gaisuwa, albishirinki. Ina wurin aiki kwalba ta iso, na dawo na tarar da ita a cinyar Mama, ta hana kowa taɓawa. Ta ce, "Kun ji bambanci? Wannan hannun 'yar da na haifa ne." Ta juya wajen matata ta ce, "Ke kuma ki ƙara koyo." Raga taki ce. Matata ce ma ta wanke ta, ta ɗaure miki.

Allah ya bar zumunci.
Auta

Zuwa ga Yaya,

Ina wuni, ya aiki? Ƙaninki bai san na rubuto ba.

Ni na karɓi kwalbar. Da na buɗe, fumfuna ta yi fari har ƙasa. Mama kuwa tun safe tana zaune bakin ƙofa tana tambaya ko direba ya iso. Na zubar, na wanke, na cika da nawa.

Ba gori nake miki ba. Baɗi Mama za ta jira wata kwalbar, kuma ba lallai ni zan fara buɗewa ba. In kin ga kamar zabibin ya bushe, ki damƙa a hannu. In ya manne, ki mayar kan raga.

Ki yi haƙuri da ni.
Matar ƙaninki

Ƙanwata,

Na amsa gaisuwa. Raga ta iso, na jingine ta a bayan ƙofa, na kasa kwance ta. Haushinki nake ji fiye da dā, wannan ita ce gaskiya.

In inabi ya nuna zan taho da ita. Ki share mana wuri a bayan kicin, ni zan riƙa korar ƙudaje.

Yayarki