Na Ɗaga Tabarmar, Amma Ban Yafe Ba

Gwaggo Sieni,

Don girman Allah ki ba ni amsa a shafinki na ba da shawara kafin Litinin ta sama, don ranar za a kira ƙarata a kotu, ni kuwa har yanzu ban san abin yi ba. Ki yi haƙuri idan na cika kawo ranaku da sa'o'i. Tun ina aji uku a sakandare nake rubuta abin da ya same ni kowace rana, yanzu shekarata arba'in da biyu, littattafan sun cika akwati biyu. Matata Fuatino tana cewa ko atishawa na yi sai na duba agogo.

A shagon kayan gini nake aiki, ranar Asabar kuma ina alkalancin wasan ƙwallon zari-ruga tsakanin ƙauyukan gefenmu na tsibirin Savai'i. Ranar tara ga watan jiya, minti na sittin da uku, na ɗaga wa wani ɗan wasa jan kati. Aukuso sunansa, daga ƙauyen da ke gaba da namu, ƙato ne ɗan shekara ashirin da shida. Gwiwar hannu ya kai wa abokin karawarsa a maƙogwaro. Ban gama sauke hannu ba na ji kamar an maka min gungume a fuska. Sauran ba ni na gani ba, gaya min aka yi. Ya tattake ni da takalmi mai ƙusa sau huɗu (wasu sun ce biyar, ni huɗu na rubuta), yana cewa, "Busa mana! Busa, malamin littafi!" Usur ɗin yana bakina a lokacin. Haƙora biyu suka fita, muƙamuƙi ya karye wuri biyu, haƙarƙari ɗaya ya tsage. A asibiti aka ɗaure min haƙoran sama da na ƙasa da waya, mako shida ba buɗe baki. Romo da ruwan kwakwa nake zuƙa ta giɓin da ya yi min. Magana kuwa sai gurnani.

Ranar da aka sallame ni na tarar da ƙanena Uelese a bayan gida yana wasa adduna, biyar jere a gabansa. Ya ce, "Yaya, kai ka rubuta, mu za mu je mu karanta masa." Ashe shi da samarin gidanmu sun riga sun sare wa su Aukuso ayaba kusan arba'in, sun soke musu alade biyu sun yar a bakin titi. Na ga jarkar fetur a ƙarƙashin kwale-kwalenmu. Ban hana su ba. Wannan ma na rubuta: ban hana ba. Kwance nake, a zuciyata ina ganin hannun Aukuso a kan dutse, ni kuma riƙe da guduma irin ta shagonmu, ina bin yatsun ɗaya bayan ɗaya. Ni da ko kare ban taɓa jifa ba.

Ranar Talata sha tara ga watan na jiya, gari na wayewa, sai ga su sun zo ifoga, neman gafara irin ta gargajiya. Mutum kamar talatin zaune a kan tsakuwar gaban gidanmu, kai a sunkuye. Sun jibge itace da duwatsun gashi da ganyen ayaba, kin san ma'anar: ga mu, ku gasa mu kamar aladu in kun ga dama. A gabansu mutum ɗaya lulluɓe da tabarmar alfarma ta gadon gidansu tun daga ka har ƙasa. Daga ƙafafun na gane shi. Tsoho Pesamino ne, kakan Aukuso, shugaban gidansu. Ya haura tamanin, ga ciwon suga, an riga an yanke masa yatsun ƙafa biyu. Shi ya koya mana lissafi a firamare. Aukuso kansa ba ya ciki. An ba da belinsa, yana Apia, babban birni, wajen 'yar uwarsa.

Ɗaga tabarma, wato alamar an yafe, ikon Kawu Talalelei ne, shugaban gidanmu. Ya ce a bar su tukuna, su ma su ji yadda ƙasa take. Ƙarfe bakwai, takwas, tara. Uelese yana zagaya su yana kartar tsakuwa da adda dab da yatsun mutane. "Ina jarumin naku? Tsohon ƙashi kuka kawo mana? Wannan ko romo ba zai yi ba!" Ya kai wa wata kwakwa sara kusa da gwiwar wata mata, ruwan ya fantsama mata a fuska, ba ta ko goge ba. Ƙarfe sha ɗaya da kwata tabarmar ta karkata hagu. Ta miƙe. Ta sake karkata. Sai na ga fitsari yana gangarowa daga ƙarƙashinta.

Ban yi shawara da kowa ba, ko da kaina. Na sauko, na ture Uelese, na yaye tabarmar. Idon tsohon ya juye, leɓensa ya yi fari. Abin da nake so in ce shi ne a kawo ruwa da suga, mutumin nan zai mutu mana a ƙofa. Wayar bakina ta hana. Kafin in yi nuni da hannu mata sun fashe da kuka, mutanensu sun ɗauki waƙar coci, fasto ya rungume ni har haƙarƙarina ya amsa. Kawu ya harare ni, amma tabarma ta riga ta ɗagu. Aka shiga ciki, aka yi jawabai, aka ci alade, ni ina gefe ina zuƙar romo. Uelese ya soke addarsa a jikin bishiya ya ce, "Kai aka taka, kai ka yafe. Mu ne dai wawaye."

Gwaggo, ban yafe ba. Tsoho na tausaya wa. Amma har huɗuba fasto ya yi da ni ranar Lahadi.

Yanzu Kawu ya ce saura in je in janye ƙara, wai gidan da ya karɓi tabarma ya ci alade ba ya kai ɗan mutane kurkuku. Na je ofishin 'yan sanda. Sajan bai matsa min ba, ya ce in ina so in rubuto takarda da Turanci, in sa kalmar withdraw. Da na dawo na duba ƙamus. Ana faɗinta ga soja idan sun ja da baya daga fagen fama, da mutum idan ya janye hannunsa, ko ya janye maganar da ya faɗa, ko ya janye jikinsa daga mutane. Wai daga tsofaffin kalmomi biyu aka haɗa ta, ɗaya ja, ɗaya a da can tana nufin baya. Na kwafe duka a littafina. Abin da ƙamus bai gaya min ba shi ne, wanda ya janye, cewa yake yi abin bai faru ba?

Akwai abin da ban taɓa gaya wa kowa ba. Shekara biyu da suka wuce, sha huɗu ga Yuni, Aukuso ya taka wuyan wani ɗan wasa yana ƙasa. Na gani. Hannuna na kan jan kati cikin aljihu, sai na hango Tsoho Pesamino zaune a bakin fili, na fito da hannun ba komai. Ga abin da na rubuta ranar: "Da gangan ya taka shi. Na ce ban gani ba." Har yau mutumin in zai dubi gefe sai ya juya duk jikinsa.

In na janye, wa Aukuso zai taka nan gaba? In na je kotu, na kunyata Kawu a gaban ƙauye biyu. In kuwa na ce ban yafe ba, Uelese zai ɗauka izini na ba shi. Jiya na leƙa, jarkar tana nan. Fuatino ta ajiye haƙorana biyu a kwalba, ta ce, "Ko ka je kotu da ƙafarka, ko ni in je da waɗannan, su yi magana tunda kai ka kasa." Wani lokacin ma sai in ce ko katin ne na yi gaggawar ɗagawa. Sau tara na karanta abin da na rubuta, ban ga kuskure ba, amma ban sani ba.

Juma'a mai zuwa za a cire min waya. Me zan fara faɗa, kuma wa zan faɗa wa?

Mai Usur, Savai'i

*

Ɗana Mai Usur,

Sannu da jiki. Ka daina karanta shafin katin nan. Ko da ka yi kuskure, ba a gyara alkalin wasa da ƙusar takalmi.

Mu fara da abin da ba ya jiran Juma'a. Yau ɗin nan ka ɗauke jarkar fetur ka kai gidan fasto. Ka rubuta wa Uelese a takarda, ka ba shi a gaban Kawu, cewa duk wanda ya taɓa mutum ko gida ko gona ta su Aukuso ba don kai ya yi ba, kuma ba za ka rufa masa asiri ba. Zai yi fushi. Gara ya yi fushin yana gida da ya yi shi a ɗakin kurkuku ɗaya da wanda ya taka ka.

Ɗaga tabarmar da ka yi daidai ne, kada ka yi nadamarsa. Da tsohon ya cika a ƙofarku, da yanzu gawa ake ƙirgawa a ƙauyukan nan biyu. Kawunka ma ka yi masa adalci. Shi zai ci gaba da haɗuwa da mutanen nan wajen aure da jana'iza, kuma ya ga dattijo ɗan tamanin ya zubar da girmansa a kan tsakuwa. Ba ƙaramin abu suka yi ba. Sulhun da aka yi tsakanin gida da gida ya tsaya, ka riƙe shi da hannu biyu.

Amma kada ka rubuta takardar janyewa. Ka tambaya ko janyewa na nufin abin bai faru ba. A doka ba haka take nufi ba. A wajen Aukuso kuwa haka take nufi, don zai koyi cewa in ya karya mutum kakansa ne zai sha rana. Ka gwada yi masa shiru sau ɗaya, ka ga inda ya kai ka. Kuma ka sani ƙara mai nauyi irin wannan ba taka ba ce kai kaɗai. Ko ka janye, mai gabatar da ƙara na iya ci gaba. Kotunanmu suna duba ifoga wajen sassauta hukunci. Ka tambayi lauya ko mai gabatar da ƙara ya tabbatar maka. Ka ga ke nan wahalar tsohon ba ta faɗi a banza ba: kai ne za ka kai ta gaban alkali. Ka faɗi takun da aka yi maka, ka faɗi zaman da aka yi a ƙofarka, kowanne yadda ya faru.

Ranar Juma'a, in an cire waya, Kawu za ka fara yi wa magana, ku biyu kaɗai, kada ya ji a bakin wani. Ranar Asabar ka roƙe shi ya raka ka wajen Tsoho Pesamino. Kada ka je kana cewa ba ka yafe ba. Ka ce masa, "Baba, na karɓi zuwanka, babu wanda zai taɓa gidanka. Amma Litinin zan faɗi abin da ya faru, har da zaman da ka yi." Zai ji zafi. Wasu za su daina gaishe ka na wani lokaci, ba zan ɓoye maka ba. Sai dai mutumin da ya zauna awa biyar a rana don kada a zubar da jini, ina kyautata zaton ba ya son jikansa ya wayi gari da ran wani a wuyansa.

Mai ciwon wuyan nan ma ka neme shi bayan shari'a, ka gaya masa ka gani, sannan ka kai rahoto ga hukumar wasanninku. Tunanin guduma kuwa, wanda aka tattake yakan yi irinsa. In ya ƙi barinka bayan 'yan makonni, ka gaya wa likitan da ke duba ka. Ka huta da alkalanci bana. Fuatino kuma ta bar kwalbarta a gida, ta raka ka.

Yafiya ba a yi mata ranar kotu, kuma ba wanda zai yi ta a madadinka. In alkali ya tambaye ka ko ka yafe, ka gaya masa gaskiya: kakan ya zo ya roƙa, ka karɓa, jikan bai zo ba tukuna.

Allah ya haɗa ƙashin da kyau, ya kwantar da zuciyar ƙanenka, ya ba ka murya ranar Litinin.

Gwaggo Sieni