Barajon ɗin da ke gwangwanin ba na Sidi ba ne

Assalamu alaikum Anti Mariyamu. Don Allah ki taimake ni kafin ranar Juma'a. Ki yi haƙuri da Hausata, a Jidda aka haife ni, kuma yawancin abin da na iya rubutawa a littattafan soyayyar da nake karantawa a waya na koya. Shekaruna goma sha shida.

Maganar a kan barajon ce. Ban san sunansu da Hausa ba, ƙananan ƙwallayen gilashin nan masu launi a ciki da yara ke harbawa da yatsa a ƙasa. Kakana na wajen uba, Sidi muke ce masa, yana da su cike da gwangwanin alewa, sun fi ɗari biyu. Tun yana yaro a Hindawiyya, tsohuwar unguwarmu a nan Jidda, yake tarawa, wasu ya ci a wasa, wasu ya yi musaya da abokansa bayan ya girma. Ni ba mai surutu ba ce, ko a makaranta ƙawata ɗaya, ni kaɗai ce cikin jikoki ke iya zama shiru kusa da shi, shi ya sa ni ya koya wa yadda ake gane su. Ya ce kowanne a ɗaga shi a haske. Wanda aka yi da hannu yana da cibiya mai kaushi inda aka yanke shi. Na injin dā ba shi da ita, sai wani ɗinki siriri a gefe, kuma launinsa ya shiga har ciki. Akwai masu zare da ya murɗe daga sama zuwa ƙasa bai taɓa haye kansa ba, akwai masu ja mai duhu kamar busasshen jini, akwai waɗanda ke yin kore idan ya haska su da ƙaramar fitilarsa mai shuɗin haske. Na yanzu kuwa duk kamarsu ɗaya, sai ƙyalli.

Shekarar da aka tashi unguwarmu za a rushe ta, Sidi yana asibiti, ciwon sukari ya fara cin idonsa. Abuya, wato babana, yana wajen aiki, Ummi ce kaɗai ta haɗa kayan gida. Ranar ƙarshe tana saukowa da gwangwanin a kan wani kwali, ya zame a matakala, murfin ya buɗe. Suka gangara har lungu, yaran layi suka rufa musu. Mai motar kaya yana ta danna hon yana cewa yalla, mu yi sauri. Ummi ta tsaya kaɗan, ta ce halas, wato shi ke nan, ta ɗauki gwangwanin babu komai ta shigo. Ni ina cikin motar riƙe da fanka, ina kallo, na san wanne ne wanne a hannun kowane yaro, ban sauka ba.

Muka koma unguwar Safa, shi kuma Sidi ya zauna wajen 'yarsa a Makka kusan shekara uku. Bana ya dawo gidanmu, ba ya gani ko kaɗan, kuma a kwana na biyu ya nemi gwangwaninsa. Ummi ta je shagon abu-riyalen, inda komai riyal biyu ne, ta sayo ƙulli huɗu ta zuba, ta ce in rufe bakina. Ki gane, Anti, Ummi ko sunansa ba ta faɗa, abinci ma kanta a ƙasa take ajiye masa. Ta ce gara ƙasa ta tsage da ita da ta tsaya gaban surukinta ta faɗi wannan. Abuya bai sani ba har yau.

Kullum bayan la'asar Sidi zai sa hannu ya ɗauko ɗaya ya miƙo mini, ya ce in gaya masa wanne ne. Ranar farko na duba, shuɗi ne irin wanda akwai arba'in kamarsa a ciki. Sai na ji bakina ya ce fari ne kamar madara, da jan zare. Ya yi murmushi, ya ba ni labarin yadda ya ci shi a hannun wani yaro mai suna Na'ibi a bayan masallaci, har Na'ibin ya yi sati ba ya gaishe shi. Wata uku ke nan muna haka. Da waɗanda nake tunawa suka ƙare sai na fara ƙirƙira, ina aro kalmomin da ake siffanta idon budurwa da su a littafi. Wani lokaci yakan riƙe ɗaya ya daɗe yana murzawa da babban yatsa. Nasa na gaskiya duk suna da tabon wasa, ɗan ɓantare kamar jinjirin wata. Waɗannan sumul suke.

Abin da ya sa nake tsoron kaina, ba na jin komai. A littafi da yarinyar ta yi kuka har filo ya jiƙe. Ni ina yin ƙaryar, in tashi in wanke kofin shayinsa, in zauna bakin taga ina kallon motoci. Littattafan ma na daina, shafi ɗaya nake ta maimaitawa. Abinci duk ɗanɗanonsa ɗaya.

Yanzu Sidi ya kira abokinsa Amm Othman, mai wani ɗan ɗaki na kayan dā a Balad, tsohon garin Jidda, da mutane ke shiga kallo. Ya ce zai ba shi rabi a ajiye a gilashi da sunansa da sunan Hindawiyya, rabi kuma nawa. Amm Othman zai zo bayan sallar Juma'a da madubin dubawarsa, kuma kallo ɗaya ya ishe shi. Ummi ta ce in kira shi a ɓoye in roƙe shi ya yaba kawai ya karɓa. Lambarsa tana wayata kwana biyu. In kira? Ko in bari Juma'ar ta zo, abin da zai faru ya faru? Wallahi duka biyun ɗaya nake jin su.

Mai zaman taga, Safa, Jidda

Wa alaikumus salam 'yata. Hausarki ta isar da saƙo sarai, kada ki ƙara ba da haƙuri a kanta.

Kada ki kira Amm Othman don ya taya ku ɓoyewa. In ya yarda, za a jera kayan abu-riyalen a gilashi da sunan kakanki, masu ido su zo su gani. In ya ƙi, kin tona asirin mahaifiyarki a wajen baƙo. Barin Juma'a ta zo haka nan kuma shi ne mafi muni, domin dattijo zai ji labarin gidansa daga bakin abokinsa, a gaban ɗansa.

Ban ga laifin mahaifiyarki a ranar tashi ba. Mace ɗaya da kayan gida guda da mai mota yana hon, ba za ta bi ƙwallaye ɗari biyu a lungu ba. Kunyar suruki ma na san ta, ba ƙaramin abu ba ce. Inda ta yi kuskure shi ne da ta ɗora miki abin da ita ta kasa ɗauka, ta bar ki kina biya kullum bayan la'asar. Ke kuma yarinya ce a cikin mota da fanka a hannu. Ki sauke wannan.

Ga abin da nake so ki yi. Yau ki samu Umminki ita kaɗai, cikin ladabi ki ce ba za ki iya kiran ba, kuma ba za ki iya ci gaba da siffanta abin da babu ba. In bakinki ya ƙi buɗewa, ki nuna mata wasiƙar nan. Ita ta gaya wa mahaifinki, shi kuma ya gaya wa nasa mahaifin kafin Alhamis ta wuce, ku biyun kuna zaune. Wannan ita ce hanyar da ba ta keta kunyar kowa ba. Ke ma ki faɗi naki da bakinki, ki nemi gafararsa. Mahaifinki ne zai kira Amm Othman ya ce a ɗaga ziyarar.

Na lura da maganar murzawa da yatsa. Mai yiwuwa ya sani tuntuni yana rufa muku asiri, mai yiwuwa kuma bai sani ba, zai yi fushi ko ya yi shiru na kwanaki. Kada ki shiga ɗakin da zaton ɗaya. In ya yi fushi, haƙƙinsa ne, tarin shekara sittin ya rasa. Ki ci gaba da kai masa shayi a lokacin da kika saba.

Bayan ƙura ta lafa akwai aikin da ke kaɗai za ki iya. Mahaifiyarki tana da lambobin tsofaffin maƙwabta, a tambaya. Yara ba sa ajiya, amma iyaye mata kan tsinci abu su jefa a kwalba. Ko biyar aka samu, idonki zai gane su. Sannan ki ɗauki littafin rubutu, Sidi ya riƙa faɗar kowanne da launinsa da wanda ya ci a hannunsa, ke kina rubutawa. Wannan Amm Othman zai iya ajiyewa da sunansa ba tare da kowa ya ji kunya ba.

Rashin jin komai da kike tsoro ba mugunta ba ce, gajiya ce ta wadda ta daɗe tana riƙe abu ita kaɗai. Sau da yawa yakan saki bayan an faɗa. In sati biyu ko uku suka wuce abinci bai dawo da ɗanɗanonsa ba, ki gaya wa mahaifiyarki ta kai ki wajen likita, kada ki jira.

Gobe bayan la'asar, in ya miƙo miki ɗaya kafin manya su yi magana, kada ki ƙirƙira masa komai. Ki ce yau ke kike son jin labari. Allah Ya ba Sidi lafiya, Ya sanyaya zuciyarsa a kanku, ke kuma Ya buɗe miki baki a lokacin da kike buƙata.

Anti Mariyamu