Farin Ɗigo a Sabulun Jaririn Bushra

Hammadu Kafi, Gombe

Zuwa ga 'yata Falmata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki Malam Hudu da yara duka. Allah ya ƙara muku lafiya, ya tsare ku a wannan Legas taku mai ruwa da hayaniya. Mu nan alhamdu lillahi. Ƙafata ce dai take yi mini yadda ta saba, idon kuwa sai a hankali, yanzu in mutum ya shigo sai ya yi magana nake sanin ko wane ne. Yayanki Abdulbaqi yana nan yana fama da kekensa tsakanin Bolari da kasuwa. Matarsa Hassana ce take rubuta mini wannan, na ce ta sa magana yadda ta fito daga bakina, kada ta gyara. Za ki ce me ya hana waya. To, maganar waya iska ce take kwashe ta, ni kuwa so nake ki ajiye wannan kusa da bokitin sabulunki, ki karanta sau biyu.

Hassana ta kunna mini saƙonki. Na ji kin ce 'yarki Bushra ta kusa shiga watanta, Allah ya raba lafiya, kin kuma haɗa sabulu guda talatin da hannunki don wankan jariri, sai ga shi ya fito da farin ɗigo-ɗigo a jiki. Kin ce kina jin farar hodar kala ce ba ta narke ba, ba komai ba ne. Falmata, wataƙila gaskiyarki ce. Amma kada ki yarda wannan sabulun ya taɓa fatar yaron nan sai kin ji abin da zan faɗa miki har ƙarshe.

Tun da na ji saƙon nan nake ta tafiya Bama ina zaune. In na jingina da bango bayan la'asar sai in ga tsakar gidanmu, ga mahaifiyata ta tara karan dawa ta ƙona, tokar tana tashi a hankali tana sauka a kan mayafinta. Ta zuba tokar a tsohuwar tukunya mai huji, ruwa yana ɗiga ɗaya-ɗaya, kas, kas, yini guda, ba mai gaggawa. Mu kuma muna cikin yashin kogi muna tona ruwa da ƙoƙo, rana tana yin ja a bayan itatuwan tsamiya. Wani lokaci har ƙamshin nake ji, na man kaɗe a kan wuta, sai in ce wa Hassana wa yake dafa sabulu a unguwar nan, ta ce ba kowa, Ya Bawa, shinkafa ce. Sabulunmu na can baƙi ne, a dunƙula shi da hannu kamar dawo. Wa zai tsaya neman ɗigo a jikin baƙin abu? Shi ya sa na tsufa da sana'ar nan ban san ɗigo yana da magana ba.

Kin tuna shekarar da muka gudo Gombe, ke kina can ɗakinki. Ban taɓa gaya miki yadda na zama ba. Wata huɗu ina kan tabarma, ba ciwo, ba kuma lafiya. In an ba ni abinci in ci, in ba a ba ni ba shi ke nan. Marigayi babanku kuwa ɓarin jikinsa ya riga ya shanye, amma shi ne mai yi mini hira. Sai Allah ya haɗa ni da Edna, wata Batangaliya da ke unguwar Federal Low-Cost, tsohuwar malamar makaranta, tana koya wa mata sabulun zamani a barandarta. Ita ta zo har gida ta ce ta ji an ce akwai gwanar sabulu daga Barno, ta zo a koya mata. Wayo ne ta yi mini, na sani, amma na tashi na ɗaura zane. Ranar da na ga sabulunta fari tas kamar kindirmo, an yanka shi ƙwaya-ƙwaya an jera a kan katako, sai na ji wani abu ya motsa a ƙirjina wanda na ɗauka ya mutu a hanya.

Na sayo soda da man alayyadi da farar hodar nan, na haɗa nawa na farko. Edna ta ce a jiƙa soda ya kwana biyu a tace. Ni kuwa ɗoki ya hana ni, na jiƙa da safe na yi aiki da azahar. Sannan da na juye ruwan, na ga ɗan gari-gari ya kwanta a gindin bokiti, sai na sa ludayi na kankare shi tas na zuba a ciki. Kin san wanda ya baro gidansa da zane ɗaya ba ya iya zubar da komai, ko ƙanzo ne. Sabulu ya daskare, na yanka, ga shi da ɗigo fari kamar jikin zabuwa. Na ce, a'a, hodar kala ce, ado ma ya ƙara. Edna ta tafi Billiri Kirsimeti, ba wanda zan tambaya.

Da shi na yi wa babanku wanka kwana huɗu. Ni hannuna ya riga ya mutu da toka tun ina budurwa, ban ji komai ba. Ina cuɗa masa baya da soso ina tambayarsa ya ji ƙamshi, yana cewa ya ji, ko a Makka ba a yi irinsa ba. Rana ta biyar na fito da shi hantsi ya sha rana, na ɗaga masa riga, sai na ga bayansa duk jajayen tabo, wasu har sun saɓule. Falmata, na ce don Allah me ya hana shi magana. Ya yi dariyar nan tasa ta gefen baki ɗaya, ya ce shi ya zaci haka sabulun birni yake, da cizo. Da na matsa masa sai ya ce wata huɗu bai ji ina waƙa ba sai ranar da na yanka sabulun nan, to bayansa ai ba ya ganinsa, fuskata yake gani. Ya roƙe ni kada in gaya muku. Na riƙe har yau, Allah ya jiƙansa, ya yafe mini faɗar da na yi. Hassana ta ajiye biro tana share ido, na ce ta ɗauka mu ƙarasa.

Da Edna ta dawo ta duba sabulun, ita ta gaya mini ɗigo iri biyu ne, kuma ido ba ya raba su. Ki jiƙa yatsa ki murza ɗigon. In ya yi laushi ya bar farin zane kamar alli, hoda ce. In kuwa ya yi tauri kamar gishiri, ko kika ga wajen yana ɗan gumi, ki yi hattara. Sai ki ɗora yatsan nan a bakin harshenki, kaɗan. Sabulun kirki ɗaci kawai yake da shi. Mai soda kuwa harbin ki zai yi kamar cinnaka, ba za ki yi shakka ba. Ki kurkure baki nan da nan. Kuma kada ki gwada ɗaya ki ce sauran ma haka, ki yanka na tsakiya da na gefe da wanda ya fito daga ƙasan robar da kika zuba shi.

In hoda ce, laifin kaɗan ne, kuma na san yadda kika yi. Barbaɗa ta kika yi a kan haɗin a bushe. Ke da kika iya tuwo, kin taɓa zuba gari a tafasasshen ruwa ba ki yi talge ba? Gudaji zai yi, ko ki tuƙa har muciya ta karye. Haka ita ma. Ki tankaɗe ta da rariya mai laushi, ki ɗebi cokali biyu ko uku na man ki dama ta da shi a ƙoƙo, ki murje da bayan cokali har ta yi sumul kamar kamu, sannan ki zuba tun haɗin bai yi kauri ba. Ko ma ki bar ta gaba ɗaya. Jariri bai san fari ba. In kuwa soda ne, kada ki ji kunya, ki gurza shi ki sake dafawa ki yi wankin tsumma da shi, ki haɗa wani da sodan da ya kwana biyu, abin da ya kwanta a gindi kuma ki zubar, ko yana yi miki ciwo.

Amma na san halinki, irin nawa ne. Kin sha wahalar haɗa shi, kina so ya zama lafiyayye, harshenki zai iya yi miki kara. Don haka ki naɗe guda uku a takarda ki ba direban motar Gombe, Abdulbaqi zai karɓa a tashar Bolari. Idona ya tafi, amma harshen nan yana nan, kuma tun daga bayan babanku bai ƙara yi wa sabulu alfarma ba. Har sai na aiko miki, ko haihuwa ta riga ni, a yi wa yaron wanka da ruwan ɗumi kawai.

Ki gaishe mini da Malam Hudu, da yara, Sharhabilu da Mu'azzam. Ki shafa mini cikin Bushra, ki ce mata kakarta tana yi mata addu'a kowace salla. Abdulbaqi da Hassana suna gaishe ku, Edna ma ta ce a gaishe da kaka sabuwa. Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Ina jiran sabulun.

Mahaifiyarki,
Ya Bawa