Waken da Ya Tuna Kakansa

Zuwa ga Autana,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da maiɗakinka da aikinku na binciken iri. Ciwon gwiwata da sauƙi.

Ka tuna waken da ka kawo mini bara a ambulan, wanda kuka haɗa na gida da na daji don ya jure fari? Ka ce kada in ajiye iri, wai bai gama zama ba. Ban haife ka don ka koya mini almubazzaranci ba. Na ajiye, na kuma raba wa gida shida a layinmu. Ya yi 'ya'ya sosai. Sai dai jiya da rana tsaka na ji ƙas, ƙas a gonar bayan gida, kamar ana karya tsinke. Na leƙa, babu kowa.

Ka riƙe salla, ka rage yawo.

Mahaifiyarka.

Autana,

Ina gaishe ka, ina kuma fatan kowa lafiya. Amsarka ta iso.

Na gane bayaninka, ai na yi sakandare. Waken daji kwansonsa yake murɗawa ya watsar da 'ya'yansa, magabata suka yi ta zaɓen wanda ba ya fashewa har ya zama na gida, yanzu kuma halin kaka ya taso a jikoki. Ba sai ka faɗa ba, ina jin sa. Da rana ta take, layin nan gaba ɗaya ƙas, ƙas yake yi. Matar marigayi tela, mai marayu huɗu, duk gonarta shi ta shuka. Da tsintsiya take bin ƙasa, tururuwa na riga ta. Ta daina gaishe ni.

Malamin gona ya zo ya ɗebi kwanso a leda, ya tambayi inda na samo iri. Na ce ya dawo ranar Litinin.

Ka roƙe ni in ce a kasuwa na saya, tunda babu izini ka ɗauko ambulan ɗin, kuma aikinka zai tafi. Na zauna ina neman inda ka gado taɓa abin da aka hana, sai na tuna wadda ta ajiye irin. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Nawa laifin zan faɗa da bakina. Amma ƙarya ba ka sha ta a nonona ba.

Kana da kwana huɗu kafin Litinin, ka riga ni magana, ka je gaban shugabanka. Ga waken can ya fara, ina ji daga nan.

Allah ya shirye mu.

Mahaifiyarka.