Kajin Auta da Sunan Baban Inji

Zuwa ga Yayana abin girmamawa,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Anti da yara. Allah ya ƙara maka sauƙin ciwon bayan nan, ya kuma sa ka fara jin maganar likita, don na san halinka. Mu nan lafiya lau. 'Yan biyu sun shiga aji huɗu, surutu sai abin da ya ƙaru, babansu kuma yana gaishe ka. Ƙafar Inna ta yi sauƙi, har tana takawa zuwa wurin kajin Auta da kanta.

Yaya, na zaɓi in rubuto maka ne saboda a waya ba ka barin mutum ya kai aya. Shekaranjiya ka wanke ni tas, ka ce na tona wa ƙanena asiri, na raba shi da hanyar abincinsa, ka ce hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Na yi shiru don kai babba ne. Amma raina a ɓace yake, kuma ba zan ɓoye maka ba, har da kai nake fushi. Bakin Auta kaɗai ka ji ka yanke hukunci. To ga nawa, ka daure ka karanta har ƙarshe.

Kullum kana tsokanata wai aikina yi wa ƙwai allura, kuma ba ka yi ƙarya ba. A wurinmu ana haɗa rigakafin cutar nan mai murɗe wuyan kaji, kuma babu kwalbar da za ta fita sai ɗakin gwajinmu ya auna ƙarfinta. Ƙwayar cutar da ke cikin rigakafin mai rai ce, an dai karya mata lago. Sai in ɗebi kaɗan in tsarma, in ɗiba daga wannan in sake tsarmawa, haka har ya zama kamar ruwa zalla. Kowane mataki in yi wa ƙwai masu ɗan tsako a ciki allurarsa, in toshe hujin da kakin kyandir, in mayar da su injin ɗumi. Bayan 'yan kwanaki in zuƙo ruwan ƙwan in ɗiga a kan farin faranti tare da jinin kaza. In jinin ya dunƙule, ƙwayar ta hayayyafa. Rigakafi mai ƙarfi, ko an tsarma shi sosai, zai kama. Mai rauni tun da wuri yake sarewa, shi kuma sai wuta. Sharaɗi ɗaya ne: dole kazar da ta yi ƙwan ta kasance ba a taɓa yi mata rigakafin ba. In an yi mata, kariyar jikinta tana gangarowa cikin ƙwan ta danne ƙwayar, sai mai ƙarfi ya fito kamar ruwan banza.

Kai ne ka matsa mini in yi wa Auta hanya ya riƙa kawo mana ƙwai, lokacin da yake zaune ba aikin fari bare na baƙi. Na kai shi gaban shugabanmu, na tsaya masa. Na zaunar da shi na yi masa wannan bayanin dalla-dalla, har ya ce na cika maimaita magana kamar ba ya da kunne. Na gaya masa kajin nan tsafta ce kaɗai garkuwarsu: ƙofa a rufe, takalmin shiga daban, kada baƙo ya leƙa. Ya ce ya ji.

Sai ga shi bana haɗi na farko ya faɗi a hannuna. Na sake gwadawa, ya sake faɗuwa. Aka ƙone. Na biyu ma haka, na uku ma haka. Masu kiwo suna zarya a ƙofarmu ana ba su haƙuri. Shugaba ya rasa wanda zai kama, sai ya kama Baban Inji. Ba ka san shi ba. Dattijo ne, shi ke kula da injin da ke busar da rigakafin cikin sanyi kafin a rufe kwalabe, kuma tun kafin in gama makaranta yake wannan aiki. Aka ce idonsa ya raunana, yana barin zafi ya hau ƙwayar ta mutu. A gaban kowa aka karɓi makullinsa aka ce ya je gida sai an neme shi. Ina tsaye ya ninke farar rigarsa ya ajiye a kan kujera ya fita. Sakamakon da ya fito daga hannuna ne aka kore shi da shi, Yaya.

Ruwa dai ba ya tsami banza. Na ɗauko wata kwalba daga cikin na ajiya, wadda bara na gwada ta fito da ƙarfinta, na sa ta a ƙwan Auta. Ita ma ta faɗi. Nan na fara zargin ƙwan, amma na yi ta gaya wa kaina ba zai yiwu ba. Ranar hutu na je gaida Inna, muna zaune a tsakar gida sai ta shiga sa mini albarka. Ta ce maganin nan namu Allah ya yi masa albarka, don lokacin da cuta ta share kajin maƙwabta, Auta ya sayo ya zuba wa nasa a ruwan sha, ko ɗaya ba ta mutu ba. Ta ce ta so ta yi mini godiya tun tuni, Auta ne ya ce kada a gaya mini wai zan yi girman kai. Baiwar Allah tana murmushi, ni kuwa na ajiye kofin da ke hannuna na tashi neman Auta.

Da na tare shi a bakin ɗakin kajin, ka san abin da ya ce? Wai ƙwai ai ƙwai ne, wai ya zai zuba ido jarinsa ya mutu saboda dokar 'yan boko. Ban ga laifinsa don ya ji tsoro ba, wallahi ko ni ce zan ji. Da ya zo ya ce Yaya, na yi wa kajina rigakafi, ku nemi ƙwai wani wuri, da shi ke nan, ni da kaina zan taya shi neman masu saye a kasuwa. Amma ya yi shiru, yana ta kawo ƙwai yana murmushi. A gabansa na ba da labarin korar Baban Inji, yana cin abinci a gidana, ya ce Allah sarki, ya ƙara loma. Wannan ce ta tsaya mini a wuya, kuma ita ce kai ba ka ko tambaya ba.

Na ba shi dama ya je ya faɗa da bakinsa. Ya kashe waya. Sai na samo ƙwai daga wata gona, na gwada ragowar haɗi na uku da ba a kai ga ƙonewa ba, ya fito da ƙarfinsa fes. Na ɗauki sakamakon na kai wa shugaba, na gaya masa komai, har da cewa ƙanena ne kuma ni na kawo shi. Ban ji daɗi ba, a banɗaki na yi kukana na wanke fuska na koma aiki. An soke kawo ƙwan Auta. Inna ta daina amsa gaisuwata yadda ta saba, tana ganin ita ta jawo, kuma ni take jin haushi. Zomo ba ya fushi da makashinsa sai maratayinsa. Kai kuma da nake sa ran za ka fahimtar da ita, sai ka ƙara wa wutar ice.

Jiya na je gidan Baban Inji in gaya masa an ce ya dawo. Na same shi a zaure ya rame, rigar jikinsa ta yi masa yawa. Matarsa ta ce tun ranar ba ya zuwa ko majalisar ƙofar gida don kunya. Kafin in buɗe baki ya riga ni. Ya ce in yafe masa, ya ɓata mini aiki har sau uku, ya yi ta tunani bai gano inda ya kuskure ba, amma tunda gwajina ya nuna, to ya yarda shi ne, don bai taɓa ganin na yi ƙarya ba. Dattijo sa'an Baba yana roƙona gafara a kan laifin ɗan ɗakinmu. Da na gaya masa gaskiya, ya ce zai dawo, amma a sa wani ya riƙa tsaya masa a kan injin, don yanzu bai yarda da idonsa ba.

Don haka, Yaya, haƙurin da ka ce in ba Auta ba zan bayar ba. Ƙanena ne, ƙofata a buɗe take gare shi, kuma ban yanke shi na yar ba. Amma in kana da sauran faɗa, ka kira shi ka ce ya taka da ƙafarsa zuwa wancan zauren ya durƙusa. Ranar da ya je, ni zan fara zuwa wurin Inna in ɗauki duk abin da za ta faɗa mini.

Ka gaida Anti da kyau, da Babban Yaro, da takwarar Inna, da 'yar autarku mai ƙiriniya. Ka gaida Kawu in kun haɗu. Baban Inji ma, da ya ji ina da wa a nesa, ya ce in isar maka da gaisuwarsa, ya ce Allah ya bar zumunci. Bai san ka so in rufa wa Auta asiri in bar shi da laifin ba, ni kuma ban gaya masa ba.

Wassalam.

Ƙanwarka,
Maman 'Yan Biyu