Malafar Da Na Ƙi

Litinin, 3 ga Afrilu

An yanke abin da ya fito mini a bayan kunne. Likita ta ce ciwon daji ne na fata, an dai yi sa'a an tare shi da wuri. Sai ta tambayi aikina. Na ce malamin motsa jiki ne ni a makarantar firamare. Ta ajiye biro ta dube ni. "Malam, zabiya, a fili, da tsakar rana, ba hula?" Na ce haka nake tun ina saurayi, rana ta san ni na san ta. Ba ta yi dariya ba.

Dokokinta: daga hantsi zuwa la'asar ban da rana. Riga mai dogon hannu, man kariya, tabarau, malafa. Motsa jiki kuwa kar in daina, amma da sassafe. Wato in zauna a inuwa in jira tsufa.

Laraba, 5 ga Afrilu

Matata, Maman Auta, ta sayo malafa mai faɗin tire. Na rataye ta a ƙusar bayan ƙofa. Duk rayuwata ƙoƙarina kar a ce ga zabiya can ya lulluɓe kamar majinyaci. Yanzu da furfurata zan fara?

Talata, 11 ga Afrilu

Na koma aiki. Hedimasta ya kira ni ofis, yana ta sosa ƙeya. Wai don lafiyata an ɗauko wani sabon malami zai riƙe fili, ni kuma in kula da sito. Sito! Ɗaki mai warin roba, ƙwallaye duk sun sace, ragar da ɓera ya ci. Taga ɗaya ce, kuma fili take kallo, don dai a ƙarasa ni.

Yara har sun sa wa sabon suna, Dogo. Ba shi da laifi, sai dai busa usur yake kamar mai kiran kaji.

Alhamis, 13 ga Afrilu

Zafi. Ko tsuntsu babu a sama. Ban fita da safe ba, jiya ma haka.

Alhamis, 20 ga Afrilu

Ta taga nake kallon 'yan gudun miƙa sanda. Ni na haɗa su tun suna faɗuwa a kan igiyar takalmi, kuma gasar makarantu wata mai zuwa ce. Auta ce ta ƙarshe a layi, ita ke kai sanda gida. Cikin 'ya'yana ita kaɗai ta ɗauko fatata, ta kuma ɗauko ƙafata. Fara tas a tsakiyar filin nan, kanta ba komai, hannuwa a waje.

Yau sanda ta faɗi daga hannun yarinya ta biyu a layi. Ban san lokacin da na busa usur ta taga ba. Duk suka juyo suka bar Dogo tsaye. Ya ɗago mini hannu cikin ladabi, ni kuwa kunya kamar in nutse. Na tura usur ɗin cikin aljihun tebur.

Wandona ya fara matse ni. Mutumin da ke zagaya fili kafin yara su iso, yau hawa matakalar ofis sai da haki.

Juma'a, 28 ga Afrilu

Asibiti. Ɗinki ya warke, amma likita ta ga wani tabo a wuyana da ba ta yarda da shi ba, za a ɗebi kaɗan a duba. Na tambaye ta gatsal, yaushe zan koma fili. Ta ce, "Malam, ka daina jiran wannan ranar." Ta ce wanda ya fito sau ɗaya yana iya dawowa, rana kuma ba ta yafe bashin da fata ta ci.

Na dawo na kwanta. Maman Auta ta ce, "Baban Auta, ko bakin titi ka riƙa takawa da safe mana, jikinka duk ya saki." Na ce in taka in je ina? Tsoro nake ji, gaskiyar ke nan. A nan kawai zan iya faɗa.

Lahadi, 7 ga Mayu

Rigima a tsakar gida. Uwar ta kama Auta za ta shafa mata man kariya kafin atisaye, yarinya tana fizgewa. Wai maiƙo ne da shi, wai ƙawaye za su ce mata tsohuwa idan ta sa hula. Sai na ji ta ce, "Umma, ni irin Baba ce, rana ta san ni na san ta!"

Da muryata ta faɗa, har da ɗaga haɓar.

Na kira ta na duba bayan wuyanta. Ja wur, fatar tana saɓulewa, kunnuwan ma haka. Daidai wurin da aka yanke mini. Na ce je ki a shafa miki. Ta ce, "To kai Baba, me ya sa malafarka take rataye?" Uwar ta bi ni da ido.

Abinci ya ƙi shiga.

Talata, 9 ga Mayu

Sakamakon wuya bai fito ba. Ba na sa rai da alheri.

Na kai wa Dogo usur, tunda nasa ba ya kai ƙarshen fili. Na ce ya mayar da atisayen 'yan gudu sassafe kafin a shiga aji, in Hedimasta ya yi magana ya ce ni na sa. Ya karɓa da hannu biyu. Ban tsaya jin godiya ba.

Laraba, 10 ga Mayu

Na fita da sassafe. Ba wani motsa jiki ba ne, Auta kawai na raka makaranta da ƙafa, sau biyu ina tsayawa in huta. Man nan maiƙo ne da shi, yarinyar ta yi gaskiya. Mai gadi ya ga malafa ya ce, "Malam, an koma noma ne?" Na yi masa yaƙe.

Fili dai ya tafi, na sani. Ban shiga ba, a ƙarƙashin bishiya na tsaya.

Auta ta yi gudun da hularta, tana dafe ta da hannu ɗaya, har ta ɓata lokaci a kwana. Gobe sai an ɗinka mata igiya. Tawa ma.