Dodon Koɗi Ya Cinye Aikina

Yaya Habsatu,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya yara? Ya ƙafar Inna, da sauƙi? Ni a nan Lyon ta Faransa lafiya lau, sai ɓacin rai.

Kin san aikina, ɗaukar hoton gansakukar duwatsun bakin teku da kamara ta musamman don auna yawanta. Tun bara na rufe duwatsuna da ragar waya saboda dodon koɗi, kamar yadda Baba ke yi wa lambu shinge saboda awaki. Kwanan baya wani abokin aiki daga Paris ya je ɗaukar hoto a madadina. Ya cire ragar don kada ta yi inuwa, ya gama, ya tafi bai mayar ba. Da na je, dodon koɗi ya cinye gansakukar, dutse fes kamar an wanke kwano. Na kira shi, "désolé" kawai ya ce mini, wato in yi haƙuri.

Malamina mai duba binciken ya ce sai an sake daga farko. Ke nan bana ma ba zan zo ba.

Ki gaida kowa, a sa ni a addu'a. Inna kuwa ke za ki gaya mata. Bakina ba zai iya cewa dodon koɗi ne ya hana ni ganinta ba.

Ƙanenki,
Isufu